In zaɓe ya rikice a ƙasar maƙwabta, me taron Abuja ke tsinanawa?

Wani ɗan'uwa mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse ya turo tambaya, kuma da ɗan zafi ya yi ta. Ya ce duk ranar da zaɓe ya rikice a wata ƙasa ta yankinmu, sai ya ga an tare titin filin jirgi, jiniya ko'ina, shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sun sauka Abuja, a shiga ɗaki a rufe, da yamma a karanta sanarwa kowa ya hau jirginsa. Yana son sanin ina ruwan wata ƙasa da zaɓen wata, ko taron nan ya taɓa hana zubar da jini, sannan in jama'a suka kwararo iyaka, dole ne Najeriya ta karɓe su alhali mu ma muna fama da namu?

Malam, na daɗe a aikin sa ido kan zaɓe da hidimar 'yan gudun hijira a yankin nan, kuma zan faɗa maka abin da ba a rubutawa a sanarwar bayan taro. Abin da ke fara tayar da shugaba daga fadarsa ya nufo Abuja shi ne iyakarsa. Son dimokuraɗiyya yana zuwa daga baya, in ya zo. A watan Fabrairun 2005 Gnassingbé Eyadéma na Togo ya rasu, sojoji suka ɗora ɗansa Faure, maƙwabta suka matsa ya sauka, aka yi zaɓe a watan Afrilu, aka ce shi ya ci. Rikicin da ya biyo baya ya kora mutum kusan 40,000 zuwa Benin da Gana. A Kenya kuwa, bayan zaɓen Disambar 2007, an kashe sama da mutum 1,100, kuma cikin 'yan kwanaki aka shiga layin mai a Kamfala, domin man Yuganda da Ruwanda ta tashar Mombasa yake bi. Wanda gidan mai ya rufe a babban birninsa saboda zaɓen da bai kaɗa ƙuri'a a ciki ba, ai ya san ina ruwansa.

Akwai kuma doka. A Disambar 2001 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar dimokuraɗiyya da kyakkyawan shugabanci. Ta ce ba za a lamunci hawa mulki ko ci gaba da riƙe shi ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba, kuma ba a yi wa dokar zaɓe babban gyara cikin wata 6 kafin zaɓe sai da yardar mafi yawan 'yan siyasa. Don haka in shugaba ya ce kada a yi masa katsalandan, ana iya ɗauko masa takardar da ƙasarsa ta rattaba wa hannu. Sai dai takardar ba ta ba kowa ikon ƙirga ƙuri'a ba. Masu sa ido suna isa kwanaki kaɗan kafin zaɓe, su zagaya rumfuna, su ga layi ya tafi daidai, su yi rahoton wucin gadi, alhali maguɗi mai nauyi da dare ake yinsa a wurin tattara sakamako, ko tun wata shida baya a rajistar masu zaɓe da jerin 'yan takarar da aka hana tsayawa. A 2017 tawagogin waje sun yaba zaɓen Kenya, sai ga Kotun Ƙolin ƙasar ta soke shi ranar 1 ga Satumba. Tun daga lokacin masu sa ido suka koyi tauna magana kafin su furta.

Ka tambaya ko taron ya taɓa yin amfani. Ya taɓa, kuma misalin da ya fi fitowa sarari shi ne Gambiya, don haka bari in ɗan daɗe a kansa.

An yi zaɓe ranar 1 ga Disambar 2016. A can ba da takarda ake zaɓe ba, ɗan ƙwallon gilashi ake jefawa cikin gangar ɗan takara, kuma a wannan karon a rumfa aka ƙirga gaban wakilan jam'iyyu. Washegari Yahya Jammeh, bayan shekara 22 a kan mulki, ya kira Adama Barrow ya taya shi murna a talabijin. Ranar 9 ga wata ya lashe amansa, ya fake da gyaran alƙaluma da hukumar zaɓe ta yi, ya ce a sake zaɓe. Ranar 13 ga wata shugabanni huɗu suka sauka Banjul: Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, Muhammadu Buhari, Ernest Bai Koroma na Saliyo da John Mahama na Gana. Dubi yadda aka haɗa tawagar. Mahama a makon da ya gabata ya faɗi zaɓe a gida ya amince, Buhari kuma ya hau ne bayan shugaba mai ci ya miƙa masa. Ba su buƙaci dogon wa'azi ba, zamansu a kujerun ma saƙo ne. Duk da haka sun dawo hannu rabbana. A ranar ma jami'an tsaro suka mamaye ofishin hukumar zaɓe.

Ranar 17 ga Disamba aka zauna a nan Abuja, aka naɗa Buhari babban mai shiga tsakani, aka ce ranar 19 ga Janairu za a rantsar da Barrow ko da me. Daga nan aka tafiyar da abu biyu tare. Ta ɗaya gefen, Senegal ta jera sojoji a iyaka, Najeriya ta tura jiragen yaƙi Dakar da jirgin ruwa. Ta ɗayan kuma, Majalisar Wakilai a Abuja ta amince a yi wa Jammeh tayin mafaka in zai sauka. Ana cikin haka jama'a suka fara ficewa, yawancinsu mata da yara, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin 45,000 sun tsallaka Senegal. Aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 2337 a ranar, sojojin Senegal suka tsallaka, babban hafsan sojin Gambiya ya nuna ba zai sa yaransa su yi faɗa ba. Sai Alpha Condé na Gini da Mohamed Ould Abdel Aziz na Muritaniya, waɗanda Jammeh ya fi sakewa da su, suka shiga suka ƙarasa cinikin. Daren 21 ga Janairun 2017 ya hau jirgi zuwa Ikwatoriyal Gini. Cikin 'yan kwanaki waɗanda suka gudu suka fara komawa gida da kayansu.

Ka lura da lissafin nan, don shi ne zuciyar aikin. Mutum ɗaya aka samar wa mafaka, dubbai suka daina buƙatar tata. Mafi yawan abin da ake yi a ɗakin da aka rufe ɗin nan da kake gani, neman wa mutum ɗaya da iyalinsa da hafsoshinsa ƙofar fita ne: ina zai zauna, me zai faru da dukiyarsa, wa zai lamunce masa ba za a kama shi ba.

Cinikin nan fa ba mai daɗin ji ba ne. Hukumar binciken gaskiya da aka kafa a Gambiya daga baya ta tono kashe-kashe da azabtarwa, waɗanda aka zalunta kuma suna kallon mutumin yana zaune lafiya a wata ƙasa. In ka ce an sayar da adalci, ba zan musa maka ba. Ni dai in aka ajiye mini zaɓi biyu a daren 20 ga Janairu, jirgin nan zan zaɓa. Sannan ƙofar ma ta ƙara ƙunci tun bayan Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya. Obasanjo ya karɓe shi a Kalaba a Agustan 2003 don yaƙin Laberiya ya tsaya, a Maris na 2006 aka kama shi a iyakar Gamboru yana shirin tsallakawa Kamaru, a 2012 aka yanke masa shekara 50. Ya cancanci hukuncin, amma duk wani mai mulkin da aka yi wa tayin mafaka tun daga ranar, Kalaba yake fara tunawa. Ba banza Jammeh ya tsallake tayin Najeriya ya zaɓi ƙasar da ba ta cikin kotun duniya ta Hague ba.

Gambiya ta yi sauƙi ne don abubuwa sun haɗu: sakamako a fili yake, mai mulkin da bakinsa ya amince da farko, ƙasar ƙarama ce kuma Senegal ta zagaye ta sai bakin teku, soja ba su da niyyar mutuwa dominsa, maƙwabta kuma bakinsu ɗaya. Cire biyu daga cikin waɗannan ka ga Kwaddibuwa ta 2010. Zagaye na biyu ranar 28 ga Nuwamba, hukumar zaɓe ta ce Alassane Ouattara ya samu kashi 54, kotun tsarin mulki ta soke ƙuri'un wasu yankunan arewa ta ba Laurent Gbagbo kashi 51, kowa ya rantsar da kansa. ECOWAS ƙarƙashin Goodluck Jonathan ta zauna a Abuja ranar 7 ga Disamba ta amince da Ouattara, kafin Kirsimeti ta yi barazanar amfani da ƙarfi, ta tura shugabannin Benin da Saliyo da Kef Bad. Amma Gbagbo yana da soja da matasa a titi, Gana ta ce ba za ta ba da soja ba, Afirka ta Kudu da Angola suna jan ƙafa, ga dubban 'yan Najeriya da 'yan Burkina da Mali zaune a Abijan waɗanda su za a fara huce haushi a kansu. Gbagbo ya karanci duk wannan, ya san barazanar ba ta da haƙori. Abin da ya fi cizonsa ma shi ne rufe masa asusu a babban bankin yankin da ke Dakar. Wata huɗu aka yi ana kai gwauro ana kai mari, sai 11 ga Afrilun 2011 aka kama shi, da hannun sojojin Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya a cikin aikin. An rasa rayuka kimanin 3,000, sama da mutum 150,000 suka faɗa Laberiya, ƙasar da ita kanta ba ta gama warkewa daga yaƙi ba kuma tana da nata zaɓen a shekarar. Sai ƙarshen Yunin 2022 aka rufe babin gudun hijirar 'yan Kwaddibuwa a hukumance. Rikicin wata huɗu, hijirar shekara 11.

Akwai hanya ta uku, raba mulki. Kofi Annan ya yi ta a Kenya a Fabrairun 2008, Thabo Mbeki ya yi ta a Zimbabuwe a Satumbar shekarar. Ta tsayar da jini a Kenya, wannan babu musu. Illarta ita ce ta koya wa masu mulki cewa in ka faɗi ka ƙi sauka, ƙarshenta a raba da kai, shi ya sa ECOWAS ta ƙi wannan maganar a Kwaddibuwa.

Inda zan ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne ƙungiyar shugabanni ba ta iya tsawata wa shugaba kan laifin da rabin 'yan ɗakin ke shirin aikatawa. A 2015 aka kawo shawarar taƙaita wa'adi zuwa biyu a duk ƙasashen ECOWAS, Togo da Gambiya suka ƙi, maganar ta mutu. A shekarar Pierre Nkurunziza ya yi tazarce a Burundi, aka ba Yoweri Museveni, wanda ke mulki tun 1986, aikin sulhu. Tarayyar Afirka ta ce za ta tura soja 5,000, Burundi ta ce ba ta so, aka janye maganar, sama da mutum 400,000 suka bar ƙasar. A 2020 Condé da Ouattara suka yi wa'adi na uku, ƙungiya ta yi shiru. Da sojoji suka kifar da Condé a 2021 sai ga takunkumi nan take. Talaka ya ga wannan, ya ajiye a ransa. Shi ya sa da aka ba sojojin Nijar wa'adin kwana 7 bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka aka yanke wuta, jama'a daga Sakkwato har Maiduguri ba su goyi baya ba, Majalisar Dattawa ma ta ce a bi hanyar sulhu. Daga Najeriya, waɗanda suka samu ganin jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, da wuri su ne Sarki Sanusi da tawagar malamai, ba masu kwat ba.

Yanzu maganar masu gudu. E, dole ne, kuma da hannunmu muka sa wa kanmu dolen. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Janiba ta 1951, wadda ta hana mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Tana kuma cikin ta Afirka ta 1969, wadda ta fi faɗi, don ta ce wanda ya gudu saboda tarzomar da ta dagula zaman lafiyar ƙasarsa shi ma ɗan gudun hijira ne, ba sai ya nuna cewa shi ake nema da suna ba. Rikicin bayan zaɓe ya shiga nan sarai. Yarjejeniyar ta ƙara da cewa ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi gaba, amma a zaunar da mutane nesa kaɗan da iyaka, kuma kada a bar su su mayar da sansani wurin shirya wa ƙasarsu tawaye. Ɗan ƙasar ECOWAS ma yana da 'yancin shiga ya yi kwana 90 ba biza tun yarjejeniyar 1979. Hukumar da ke kula da wannan a ƙasar nan tun 1989 aka kafa ta.

Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, ba gwamnati ke fara karɓar su ba. Wanda ya taɓa tsayawa a garin iyaka a makon farko ya san yadda abin yake. Za ka ga mace da goyo, katifa a naɗe a ka, tukunya ɗaya da buhun tsaba, yara na biye da awaki biyu, maza ba su zo ba, sun tsaya gadin gona da shago. Ba ta tambayi ina ofishin kowa ba, gidan ƙanwar uwarta ta nufa, don iyakar ta ratsa tsakiyar dangi ne. Waɗanda ba su da kowa mai gari ya buɗe musu ajin firamare ko harabar masallaci da coci. Kafin mota mai tambari ta iso da takardun rajista, layin famfo ya ninka, kuɗin mudu ya tashi, maganin asibitin garin ya ƙare, makaranta ta tsaya. In aka zo da tallafi aka ba baƙo aka tsallake mai masaukin da ya ciyar da shi sati uku, nan ake shuka gaba. Ma'aikacin da ya san aikinsa rijiyar burtsatse yake fara nema wa garin gaba ɗaya kafin ya kafa tanti.

Muna da tarihi mai kyau da maras kyau a wannan fanni. Mun zaunar da 'yan Laberiya a Oru ta jihar Ogun shekara da shekaru. Tun 2017 dubun-dubatar 'yan Kamaru daga yankin masu Turancin Ingilishi suna zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba, wasu a matsugunan Ogoja. Amma a Janairun 2018 an kama jagoran 'yan awaren yankin, Sisiku Ayuk Tabe, a nan Abuja, aka miƙa mutum 47 ga Kamaru, wasunsu da takardar neman mafaka a hannu, kuma Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2019 an saɓa doka. Nan ne diflomasiyya da jinƙai ke karo: gwamnatin da kake buƙatar haɗin kanta a yaƙin Boko Haram ita ce ke neman ka miƙo mata wanda ya fake a gidanka.

Kafin ka ce a rufe iyaka kawai, ka tuna namu. 'Yan Borno suna Minawao ta Kamaru da Diffa, 'yan Zamfara da Sakkwato da Katsina suna ƙauyukan Maraɗi. Kuma rufe iyaka ba ya tsayar da mai gudun rai. Mun rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, babura ba su daina bin daji ba. Abin da rufewa ke yi shi ne ya kawar da mutane daga ƙofar da za a rubuta sunansu, a duba lafiyar yaransu, a raba mai makami da maras shi, ya tura su hanyar da ba wanda ya san wa ya shigo.

In kana son sanin ko wani zaɓe zai kai ga hijira, kada ka jira sanarwar ECOWAS. Duba ko 'yan adawa sun yarda da hukumar zaɓe da kotun da za ta yanke hukunci, duba ko an katse intanet, duba ko soja daga ƙabila ɗaya manyansu suka fito, sannan ka leƙa tashar mota. Tun kafin a kaɗa ƙuri'a 'yan kasuwa ke tura iyali gida, kamar yadda aka gani a nan bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, da kuma gabanin na 2015. Wannan na 2015 darasi ne. Bayan an rasa sama da mutum 800 a rikicin 2011, aka zaunar da 'yan takara a Abuja ranar 14 ga Janairu gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku suka sa hannu, kwamitin Janar Abdulsalami da Bishop Kukah ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin ɓangarorin biyu, har Jonathan ya ɗaga waya ranar 31 ga Maris. A Senegal ma a 2024, da Macky Sall ya ɗage zaɓe, sanarwar ECOWAS ta fito da laushi, kotun tsarin mulkin ƙasar da jama'ar titi ne suka dawo da shi kan hanya. Na waje yana taimakawa ne in akwai na cikin gida da zai dafa.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne taswira. Ƙasashe huɗu muke iyaka da su ta ƙasa. Kamaru da Cadi ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba, suna ƙungiyar Afirka ta Tsakiya. Nijar ta fice tare da Mali da Burkina Faso ranar 29 ga Janairun 2025. Saura Benin kaɗai. Wato iyakar kimanin kilomita 2,000 da Kamaru da ta kimanin 1,500 da Nijar, waɗanda su ne suka fi shafar Arewa, taron da ke tare maka titin filin jirgi ba shi da ta cewa a kansu. In zaɓe ya rikice a Yawunde ko Njamena, abin da ke hannun Abuja shi ne wayar shugaba zuwa shugaba, da zauren Tarayyar Afirka a Addis Ababa, da Hukumar Tafkin Cadi, da sarakuna da malaman da mabiyansu ke zaune a ɓangarorin biyu. Nauyin farko kuma zai faɗa ne kan ƙananan hukumomin Mubi da Fufore da Ngala da Sardauna.